Guzurin Miya: Yadda Matafiya Ke Ɗaukar Yaji da Mai

Guzurin miya shi ne kayan ɗanɗano da man girki da matafiyi ke ƙullawa idan zai kwana inda babu madafa. A Orozo, kan hanyar Nyanya zuwa Karshi a Babban Birnin Tarayya, ana samunsa a jakar 'yan ci-rani masu kwana a wuraren gini, da ta makiyayan da ke yada zango a bayan gari.

Busassun kaya ba su da wahalar ɗauka. Fataken goro da ke tafiya Gwanja daga Kano a ƙarni na 19 sukan yi watanni a hanya, kuma cikin hajarsu akwai kanwa da gabu, wato busasshen ganyen albasa. Kuka, daddawa da dakakken yaji ma haka suke jure tafiya, muddin danshi bai taɓa su ba. Idan ya taɓa, sai fumfuna.

Mai ne ke da rigima. A da, cikin tandun fata ake ɗura shi. Yau gorar roba ta gaje shi, ko da yake murfinta kan yi yoyo. Zafin rana na sauya warin man gyaɗa, manja kuwa yakan daskare da hunturu, shi ya sa ake nema masa mazubi mai faɗin baki. Man shanu sai an soya shi ruwansa ya ƙone kafin ya daɗe.

Haɗari mafi girma shi ne zuba mai a tsohuwar robar maganin ƙwari ko ta fetur, domin wanki ba ya raba ta da guba.