Yoyon Rufin Sito da Rumbu: Wanda Zai Gyaru da Wanda Sai Sauyi

A yankin Birnin Kebbi da Argungu, shinkafar rani kan shiga sito ne a watan Afrilu zuwa Mayu, daidai lokacin da iskar farkon damina ke tasowa, ruwa kuma ya yi ta ƙara ƙarfi har Agusta. Da manomi ya ga ɗigon ruwa a kan buhu sai hankalinsa ya tashi: ko ya karyar da amfanin tun farashi na ƙasa, ko ya ce sai an yaye rufin duka. To, sau da yawa abin bai kai haka ba. Abin dubawa shi ne ƙashin rufin, wato katako, azara ko tsaikon da ke ɗauke da shi. In ƙashi lafiya lau yake, rufi zai gyaru.

Ceto hatsi tukuna

A janye buhuna daga inda ke yoyo, a ɗora su bisa katako, kar su taɓa ƙasa ko bango. Wanda ya jiƙe a shanya shi nan take. Shinkafa mai ɓawo ba ta ajiyuwa sai danshinta ya sauka zuwa kashi 14 cikin 100 ko ƙasa da haka. Masara da gyaɗa kuwa in suka yi fumfuna suna iya ɗaukar gubar afilatoksin, wadda ke lahanta hantar mutum da dabba.

Yadda ake duba rufi

A shiga sito da tsakar rana a rufe ƙofa. Duk inda haske ya leƙo, nan ruwa ke bi. Sannan a soki kowane katako ko azara da ƙusa, musamman wurin da ya shiga bango. In ƙusar ta ƙi shiga, itacen yana da sauran ƙarfi. In ta nutse, ko gari ya zubo, gara ko ruɓa ta riga ta ci.

Gyara bisa irin rufi

Rufin kwano: yawanci yoyon daga ramin ƙusa ne ko mahaɗar kwano biyu. A sake ƙusar da ta yi sako-sako, a buga ta a kan tudun kwano, ba cikin kwarin da ruwa ke gangara ba. Ƙaramin rami a liƙe shi da kwalta da ƙyalle. Fallen da tsatsa ta cinye shi kaɗai za a sauya.

Rufin soro: a buɗe indararo, a cire ciyawar da ta tsiro, a cike tsaga, a sake yaɓe da makuba. Kar a yi ta jibga ƙasa a kai, nauyi ne ake ƙara wa azara.

Jinkar rumbu: daga kai take fara ruɓewa. In tsaiko na nan daram, a sake ciyawar sama a ɗaure da kyau.

Inda gyara ba zai yi ba

In rufi ya lotsa a tsakiya, ko azara da yawa sun ruɓe, ko bango ya tsage daga sama har ƙasa, a kwashe kaya a kira magini. Kar kowa ya kwana a ciki, kar kuma a hau rufin soro yana jiƙe.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne Fabrairu zuwa Maris, kafin a fara yankan shinkafa. Yana da kyau ƙungiyoyin manoma su ware kuɗin gyaran sito a asusunsu kowace shekara, su kuma naɗa mutum biyu da za su riƙa zagaya rufin bayan duk wata iska mai ƙarfi.