Rahamar Allah da Wahalar Bayi: Nazari Daga Fadamar Argungu

Gabatarwa

A daminar 2020 Gulbin Rima ya cika ya tumbatsa, ya kwanta a fadamun Argungu da Augie da Birnin Kabi, ya shanye shinkafar da ta kusa isa yanka. Shekara goma kafin nan, a Satumban 2010, ruwan madatsar Goronyo ya sauko wa ƙasashen Sakkwato da Kabi da irin wannan ɓarna. Manomi da yawa da bashi suka yi noman, suka wayi gari ba amfani, ga bashi a wuya. Masu jaje sukan ce, "Allah ya mayar da alheri," mai gona ya amsa, "Haka Allah ya so." A ƙarƙashin wannan amsa akwai tambayar da mutanenmu ke jin nauyin furtawa: in Allah Mai rahama ne kuma Mai iko a kan kome, me ya sa talaka mai sallah zai rasa abincin shekara a dare ɗaya?

Matsayin wannan maƙala shi ne babu karo tsakanin rahamar Allah da samuwar wahala a duniya, kuma wanda ya yarda da haka ya ɗauki nauyin rage wahalar da ke cikin ikonsa.

Tushen Muhawarar

Tambayar ta daɗe. Ana jingina ta ga Abiƙur, masanin falsafar Girka, kuma David Hume ya sake tayar da ita a ƙarni na 18. A 1955 J. L. Mackie ya tsara ta a matsayin hujjar hankali: Allah Mai cikakken iko ne, Mai cikakken alheri ne, kuma sharri yana nan, a ganinsa dole ɗaya daga cikin ukun ya faɗi. Raunin hujjar yana cikin wani sharaɗi na huɗu da ta dogara a kansa, wato cewa mai alheri ba zai taɓa barin wata cuta ta auku ba ko da akwai hikima a bayanta. Alvin Plantinga ya nuna a 1974 cewa muddin yana yiwuwa a sami dalilin barin sharri, kamar bai wa mutum zaɓi, to saɓanin da Mackie ya yi da'awa bai tabbata ba.

Malaman Musulunci sun riga Hume da Mackie shiga wannan fage da ƙarnoni. Mu'utazilawa sun ce wajibi ne Allah ya yi wa bawa abin da ya fi masa maslaha. Imam Abul Hasan al-Ash'ari ya rabu da su, ya tsaya a kan cewa babu mai wajabta wa Allah wani abu. Wannan ce aƙidar da almajiran zaure ke karantawa a Ummul Barahin na Shehu Sanusi. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ƙara da cewa tsarin halitta yana kan cikar hikima. Maganar Ash'ari tana kare ikon Allah. Amma zuciyar wanda aka yi wa rashi rahama take son ji, don haka dole a haɗa da batun hikima kafin amsa ta cika.

Sharrin da Hannun Mutum ke Jawowa

A Nuwamban 2024 Lakurawa suka afka wa garin Mera da ke ƙaramar hukumar Augie, suka kashe aƙalla mutum 15. Wanda ya ɗana kunamar bindiga mutum ne mai hankali, ya san abin da yake yi, yana kuma iya fasawa. Da Allah zai riƙe hannun kowane azzalumi duk lokacin da ya ɗaga shi, da zaɓi ya ƙare, da lada da zunubi sun rasa ma'ana. Ikon da ɗan ta'adda ya yi kisa da shi, shi ne ikon da wani ke ciyar da maraya da shi. Ba a cire ɗaya a bar ɗaya.

Tarihin ƙasar Kabi shaida ne. Birnin Kabi ya faɗa hannun mujahidai a 1805, daga baya Kabawa suka koma Argungu, aka shafe mafi yawan ƙarni na 19 ana gwabzawa da Gwandu da Sakkwato. A cikin wannan ƙarni ne kuma aka ƙulla sulhun da ake kira Lafiyar Toga. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka shirya masa babban su, wanda ya zama tushen bikin kamun kifi na Matan Fada da hukumar UNESCO ta sanya cikin gadon al'adun duniya a 2016. Jikokin mayaƙa ne suka zaɓi zumunci. Zaɓin da ya haifi yaƙi, shi ya haifi sulhu.

Wahalar da Ba Ta da Mai Laifi

Ambaliya ba ta da niyya, don haka batun zaɓi bai wadatar a kanta ba. A nan sai a dubi gulbin kansa. Cikar da yake yi duk shekara ita ke zuba laka a fadama, ita ke cika tafukan da kifi ke hayayyafa, ita ta sa Kabawa suka shahara da su da noman shinkafa tun zamanin Kanta. Ɗabi'ar ruwa guda ce: nauyin da ke sa ya gangaro ya shayar da gona, shi ke sa ya rusa ginin ƙasa. Da ruwa zai sauya hali gwargwadon wanda ya taras, da babu manomin da zai san lokacin shuka, babu injiniyan da zai gina madatsa. Duniya mai tsayayyun ƙa'idoji ce kaɗai ake iya koyo da aiki a cikinta, kuma tsayuwar ƙa'idojin rahama ce, ko da wani lokaci ta zo da ciwo.

Mai suka zai ce: to jaririn da ruwa ya ci fa, wane darasi ya koya? Wannan ce tambaya mafi nauyi, kuma bai kamata a sallame ta da gajeren wa'azi ba. Abu biyu za a iya faɗa. Na farko, rashin ganin hikima bai zama hujjar rashin hikima ba. A Suratul Kahfi Annabi Musa (AS) ya ga an huda jirgin wasu miskinai masu neman abinci a ruwa, ya yi inkari, daga baya ya fahimci hudawar ce ta tsirar da jirgin daga sarki mai ƙwace. In Annabi ya tsaya a iyakar saninsa, mu mun fi cancantar tsayawa. Na biyu, addinin da ya siffanta Allah da rahama shi ne ya ce duniya ba nan ne ƙarshen hisabi ba. Wanda zai tuhumi wannan aƙida sai ya ɗauke ta dungurungum, har da Lahira da sakayya. Cire Lahira sannan a ce lissafi bai daidaita ba rashin adalci ne ga hujjar.

Wannan kuma bai hana kuka ba. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Saboda haka malamin da zai ce wa uwa zunubinta ne ya jawo mata rashi ya faɗi abin da bai sani ba. Annabi Ayuba (AS) ya sha jarrabawa alhali yana cikin zaɓaɓɓu.

Inda Ake Fakewa da Ƙaddara

Hatsarin da ya fi kusa da mu a ƙasar Hausa shi ne mayar da ƙaddara bargon rufe sakaci. A watan Mayu na 2021 jirgin ruwa ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse a Kogin Kwara kusa da Warra, a ƙaramar hukumar Ngaski. Lodin ya wuce kima, mafi yawan fasinjoji ba su tsira ba. Gaskiya ne kwanansu ya ƙare, gaskiya ne kuma akwai wanda ya yi lodin, akwai wanda ya kamata ya hana. Haka ambaliya: hukumomin NiMet da NIHSA suna fitar da hasashen damina da na ambaliya duk shekara. Isar da gargaɗin ga manomi da harshen da yake ji, da kula da madatsun Goronyo da Bakolori, da hana gini a kan hanyar ruwa, duk ayyukan mutane ne.

Magabata ba su fahimci ƙaddara a matsayin naɗe hannu ba. Da annobar Amwas ta ɓarke a Sham, Sayyidina Umar (RA) ya juya da jama'arsa, ya bayyana cewa kauce wa annoba ma cikin ƙaddarar Allah yake. A nan gida, bayan mummunar asarar da mujahidai suka yi a yaƙin Alwasa a 1805, Malam Abdullahi na Gwandu ya dubi halin jama'arsa, ya koka da yadda son duniya ya shiga zukatan wasunsu, har ya bar gida da niyyar zuwa Gabas, ya tsaya a Kano. Malamin da ya rubuta tafsirin Liya'ut Ta'awili ya san ƙaddara sarai, duk da haka ya nemi musabbabin musiba a ayyukan mutane.

Kammalawa

Hujjar da ke cewa rahamar Allah da wahala ba sa haɗuwa ba ta tsaya da ƙafafunta ba, domin tana bukatar sanin da ɗan Adam ba shi da shi. Wani ɓangare na wahala daga zaɓinmu yake, wani daga tsarin halittar da muke ci daga gare shi, saura kuma sai Ranar Sakamako za a ga hikimarsa. Kira ga malamanmu na Argungu da Gwandu da Yawuri da Zuru shi ne, duk huɗubar da ta koyar da haƙuri ta koyar da alhaki tare da shi. Ga masu mulki kuwa, "Allah ya kiyaye gaba" addu'a ce da ke neman aiki a bayanta. Hausawa sun ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Wanda aka ba amanar madatsa ko jirgi ko tsaron gari, za a tambaye shi a kanta.