Tarihin Koya wa 'Ya'ya Tsare Mutunci a Yola da Jimeta

Tun lokacin da Modibbo Adama, wanda ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya kafa Yola a shekarar 1841 ya maishe ta cibiyar ƙasar Fombina, garin ya tashi ne mazaunin malamai da alƙalai, inda ake karanta littattafan mazhabar Malikiyya a zauruka. Wanda kuwa ya yi nisa a wannan karatu ya san shari'a ba ta ɗora laifi a kan macen da aka tilasta ba, domin Imamu Malik ya tafi a kan cewa babu haddi a kanta, kuma wajibi ne azzalumin ya biya ta sadaki irin na tsararrakinta, ban da uƙubar da ke jiransa. Hukuncin yana nan a rubuce tun fil'azal. Abin da ya yi ƙaranci shi ne isar da shi kunnen mata, kuma wannan sakaci ne Shehu da kansa ya zargi malaman zamaninsa da shi a cikin Nurul Albab, inda ya yi tir da masu karantar da almajirai a waje alhali sun bar matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u ta amsa kiran a ƙasar Sakkwato, ta naɗa malamai mata da ake kira jaji suna bi ƙauye ƙauye suna karantar da mata.

A cikin gidajen Yola kuwa tarbiyya tana hannun kakanni da gwaggwanni, kuma ba daidai ba ne a ce ba su koyar da komai ba. Sun koya wa yaro neman izini kafin shiga ɗakin manya, sun raba wa 'ya'ya maza da mata shimfiɗa idan sun kai shekara goma, sun hana yarinya fita bayan magariba. Sai dai duk wannan an gina shi a kan kunya, wadda ita ce ginshiƙin pulaku, wato ɗabi'ar Fulani. Ita kuwa kunya, duk da kasancewarta ado ga ɗiya, tana koya mata kaucewa ne kawai, ba ta koya mata abin da za ta faɗa, da wanda za ta faɗa wa, idan kaucewar ta gagara.

Bayan Turawan Ingila sun ci Yola a 1901, Lamiɗo Zubairu ya fita, sai Jimeta ta bunƙasa a bakin kogin Binuwai, ta zama garin jiragen ruwa da kantuna da ma'aikata da baƙi daga kowace kusurwa, ta ƙara cika bayan an ƙirƙiro jihar Gongola a 1976. A nan ne talla ta yi ƙarfi. Yarinya 'yar shekara tara ta ɗauki faranti na dafaffiyar gyaɗa ko ƙwaryar fura, ta bi kasuwa da tasha da garejin makanikai, guzurinta duka bai wuce gargaɗin uwarta a bakin ƙofa ba: "Ko ya ce zai saye duka, kada ki shiga ɗakinsa, ki tsaya a waje ya miƙo miki kuɗinki." Gargaɗi ne mai hikima, amma ita uwar da ta yi shi ita ce za ta yi faɗa in an dawo da kaya ba a sayar ba, don haka yarinyar takan rasa wanne za ta fi tsoro. Idan ƙaddara ta faɗa, sai a taru a zauren mai unguwa, a ce a rufa asiri don kada ta rasa mijin aure, a ba mai laifi haƙuri kamar shi aka zalunta. Dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta bayyana laifin fyaɗe a sashe na 282, amma ƙarar da ba a kai ba babu alƙalin da zai yanke ta.

Makarantun Islamiyya na matan aure, da ƙungiyoyi irin su FOMWAN ta mata Musulmi da aka kafa a Minna a 1985, da zumuntar mata a majami'u, su suka fara ba mata wurin zama su tattauna lamarinsu da bakinsu.

Amma abin da ya fasa shirun haƙiƙa musiba ce. Da Boko Haram ta kama Mubi a watan Oktoba na 2014, jama'a suka kwararo Yola da Jimeta a ƙafa da manyan motoci, wasu suka sauka a sansanin Malkohi da na Damare, wasu a harabar majami'ar Saint Theresa inda Bishop Stephen Dami Mamza ya karɓe su, mafi yawa kuwa a gidajen 'yan uwa, har ɗaki ɗaya ya ɗauki iyali uku. A watan Mayu na 2015 aka kawo mata da yara 275 da aka ceto daga dajin Sambisa zuwa Malkohi. Kuma wanda ya ga halin da suka iso ciki ba zai iya sake cewa wannan magana ba ta faɗuwa ba. Ma'aikatan jinya da na agaji suka shiga zama da mata a ƙarƙashin tantuna, suna faɗar abin da a da ake ɓoyewa.

Daga nan aka buɗe cibiyar Hope Centre a Asibitin Ƙwararru da ke Jimeta a 2018, inda ake duba wanda aka ci wa zarafi kyauta, a ba shi magani da nasiha, a rubuta shaidar likita domin kotu. Adamawa ta shiga cikin jihohin da shirin Spotlight na Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya ya zaɓa, sannan a 2021 Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri ya sa hannu a dokar hana cin zarafin jama'a, shekara shida bayan ta tarayya.

A ganina, mafi girman abin da ya sauya shi ne darasin kansa. Yanzu malama takan tsaya gaban 'yan firamare, maza da mata, domin yara maza da almajirai ma ba su tsira ba, ta gaya musu cewa jikinsu amana ne, babu mai ikon taɓa al'aurarsu ko da kawu ne ko maƙwabci ko malami, kuma duk wanda ya ba su alewa ya ce kada su faɗa wa Inna, to Inna ce farkon wadda za su faɗa wa. Iyaye mata kuma ana koya musu kada su yi wa yarinya wanka ko su wanke tufafinta kafin likita ya gani, su kai ta asibiti cikin sa'o'i 72, domin a cikin wannan wa'adi ne maganin kariya daga cutar ƙanjamau yake aiki. Ga mai zaune a Jambutu ko Doubeli wannan tafiyar Keke Napep ce; ga uwar da ke wani ƙauye a bayan Fufore, a tsakiyar damina, kuɗin mota da yardar maigida sukan cinye kwanaki ukun tun ba ta kama hanya ba.