Tama da ƙira a ƙasar Adar: abin da kalmomi ke shaidawa

A wannan takarda muna so mu duba tarihin ƙarfe a yankunan Madawa, Buza da Keita ta hanyar harshe. Duwatsun Adar suna lulluɓe da marmara mai ɗauke da tama, kuma daga cikinta ne maƙeran ƙasar suka riƙa fitar da ƙarfen hauya da gatari da mashi, kafin zuwan Turawa. A Nijar aikin tsoho ne ƙwarai. Binciken da Gérard Quéchon ya yi a dutsen Tarmit ya nuna ana fitar da ƙarfe can ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa, ko da yake masana na jayayya a kan shekarun da suka fi tsufa.

Kalmar "ƙira" ta haɗa sana'o'i biyu. Akwai fitar da ƙarfe daga tama a daji, akwai kuma sarrafa shi a gari. Ta biyun tana nan da ranta, kalmominta ma haka: zugazugi, uwar maƙera, masaba, awartaki. Ɗalibanmu sun san yadda ɗafin ma- ya ba mu "maƙera" iri biyu, wato jam'in maƙeri da wurin aikin, waɗanda karin sauti kaɗai ya raba. Ta farkon kuwa ta mutu a ƙarni na 20, lokacin da sandunan ƙarfe na kanti da tarkacen motoci suka fi tama araha. Wa zai yi kwanaki yana haƙa da ƙona gawayi alhali ga tsohon ƙarfen mota a kasuwa?

A nan ne muke ganin kuskure a fassarar da aka saba yi. Ana cewa "narka tama", a Faransanci kuma a ce fonte. Amma ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1538, murhun laka kuwa ba ya wuce wajen 1200 zuwa 1300 sosai. Abin da ke narkewa shi ne dattin dutsen, ya kwarara ƙasa ya daskare. Ƙarfen yana taruwa ne dunƙule, mai ramuka kamar soso, sai an farfasa shi an yi ta bugu kafin ya zama abin aiki. Wannan ita ce hanyar da Turai ma ta bi kafin manyan murahunta su yaɗu.

Su maƙeran Adar da wani harshe suka bayyana abin. Nicole Échard, wadda ta rubuta a kansu tun 1965, ta ɗauki aikin a fim ɗinta Noces de feu na 1968, kuma sunan kansa ya faɗi maganar: da aure da ciki da haihuwa suke kwatanta shi. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin camfi kawai. Mu a ganinmu ya fi "narkewa" kusa da gaskiya, domin abu ne ke girma a ɓoye cikin murhu har a fito da shi ɗungurungum.

Garin Tama da ke yankin Buza kan ja hankalin ɗalibai. Sai mu tuna masu cewa kamannin suna ba hujja ba ne, sai an haɗa da tsawon wasali, da karin sauti, da labarin kafuwar gari daga bakin dattawansa.

A 2019 UNESCO ta sa wuraren fitar da ƙarfe na Burkina Faso cikin kayan gadon duniya. Tarin dattin tama na Adar zai iya jiran masu tono, domin dutse ne. Sunayen sassan murhu, da na ire-iren tama, da kirarin da ake yi wa aikin, suna bakin jikokin waɗanda suka yi shi ne, kuma su ya kamata sashenmu ya fara aika ɗalibai su ɗauka, a rubuta da karin sauti da tsawon wasali yadda ake furta su a Adaranci.