Gidan da Ya Shekara 47 Yana Muƙabalar Littafi Ɗaya

A zauren wani malami a Jiratawa na fara ganin muƙabala ina yaro. Almajiri na karanta kwafin da ya rubuta, Malam na bin tsohon kwafi da yatsa, in aka zo inda suka saɓa sai ya ce, "Tsaya, ɗana, maimaita." Wannan zaure nake tunawa duk ran 6 ga Yuli, ranar da a 1917 aka kafa Cibiyar Bhandarkar a birnin Pune na ƙasar Indiya, gidan da ya mai da muƙabala sana'arsa.

Mu a Maraɗi ta fim muka san Indiya, rawa da waƙa da jarumi mai dukan mutum goma. Kaɗan ne suka san cewa yawancin rikicin da ke cikin finafinan nan, na ɗa da uwa, na 'yan'uwa a kan gado, na alkawari da cika shi, tushensa na cikin tsofaffin littattafan addinin Hindu da aka rubuta da harshen Sanskirit.

Ramakrishna Gopal Bhandarkar, haifaffen 1837, babban malamin wannan harshe ne. Ya yi karatun gargajiya, ya kuma iya dabarun bincike na Turawa, bai yar da ko ɗaya ba. Ranar da ya cika shekara 80 almajiransa da masoyansa suka kafa cibiyar da sunansa. A 1918 gwamnatin Bombay ta miƙa mata littattafan rubutun hannu kusan 20,000 da ke ajiye a Kwalejin Deccan. Yaro bai gama rarrafe ba aka ɗora masa gadon kakanni.

A 1919 malaman cibiyar suka ɗauko aikin da ya yi musu suna, wato tace Mahabharata, doguwar ƙasidar yaƙin 'yan'uwa, Pandawa da Kaurawa, wadda a al'ada ake cewa baiti 100,000 ce. A cikinta Bhagavad Gita take, zancen Krishna da Arjuna a bakin daga kan abin da ya wajaba mutum ya yi sa'ad da abokan gabarsa danginsa ne. Matsalar ita ce kowane yanki da nasa kwafin. Na Kashmir da haruffan Sharada gajere ne, na kudu da haruffan Grantha da Malayalam ya kumbura da ƙari. Sarkin wata ƙaramar masarauta mai suna Aundh ya ba da kuɗin Indiya rupi 100,000 don aikin, shi da kansa kuma ya zana hotunan da aka sa a ciki.

Gwarzon aikin shi ne Vishnu Sukthankar, wanda ya yi karatu a Balin ta Jamus ya karɓi ragama a 1925, shekarar da Bhandarkar ya rasu. Dubi irin haƙurin: a rubuta baiti ɗaya a saman takarda, a ƙasa a jera yadda kowane kwafi ya kawo shi, gaɓa-gaɓa, sannan a auna wanne ya fi tsufa. Kwafi 1,259 aka duba kafin a gama. Abin da aka ga ƙari ne na baya ba a jefar da shi ba, an sauke shi ƙasan shafi ko ƙarshen littafi. Har labarin nan da kowane yaron Indiya ya sani, cewa Ganesha mai kan giwa ne ya zauna ya rubuta ƙasidar da hannunsa, bai samu shiga matanin ba, don tsofaffin kwafe-kwafe da yawa ba su kawo shi. Ku ƙaddara wani ya zo fadar Tibiri ya ce wani sashe na kirarin Bawa Jan Gwarzo maroƙan baya ne suka ƙara. Sai mai ƙarfin hali. Sukthankar ya rasu a 1943 yana tsakiyar aiki, Belvalkar ya ɗora, bayansa Vaidya. A Satumban 1966 Shugaban Ƙasa Radhakrishnan ya sanar da kammalawa, mujalladi 19.

A wannan zamani ne kuma wani lauya, Pandurang Vaman Kane, ya riƙa fitar da tarihin Dharmashastra a cibiyar, daga 1930 zuwa 1962, shafi sama da 6,000. Dharma kalma ce mai wuyar kamawa, ta haɗa haƙƙi da wajibi da kyakkyawar ɗabi'a. Kane ya bi hukunce-hukuncen aure, gado, kaffara da haƙƙin talaka a kan sarki, ya nuna wane malami ya faɗi me, a wane ƙarni, da inda suka yi saɓani. Wanda ya zauna gaban Risala da sharhohinta zai gane fasalin aikin, ko da yake addinan sun yi hannun riga. A 1963 aka ba shi Bharat Ratna, lambar girma mafi daraja ta ƙasar.

Shekarun da suka biyo baya na lallaɓawa ne, kuɗi kaɗan, aiki a hankali. A Janairun 2004 wasu matasa suka afka wa gidan suka yi ɓarna, saboda wani marubucin Amurka, James Laine, ya gode wa malaman wurin a littafinsa kan sarki Shivaji da ya fusata matasan. Zafin ƙuruciya ne, kuma mutanen Pune suka taru aka gyara. Bayan shekara uku UNESCO ta sa kwafi 30 na tsohon littafin Rigveda na cibiyar cikin kundin abubuwan tunawa na duniya.

Yau kusan duk mai nazarin Mahabharata a jami'a, a Delhi ne ko a Faransa, da lambar baitin bugun Pune yake kafa hujja. Shi ya sa nake ganin ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya kamata su san gidan nan, ko da ba ruwansu da Sanskirit. Jerin sarakunan Katsina da ake faɗa a Maraɗi da wanda ake faɗa a birnin Katsina ba ko'ina suka dace ba. Waƙoƙin ajami na kwance a gafakar malamai daga Tibiri har Jiratawa, kwafi biyu ba su zo ɗaya ba, gara kuwa na ci. Takarda da alƙalami da masu karatu biyu aka fara da su a Pune, kuma duk akwai su a nan.