Rubutun da Ya Jira Shekara 15 Kafin Ya Zama Littafi

A wannan makon tarihin wani rubutu na kawo mana, a kan yadda zafi ke ratsa abu.

Kowa ya san cokalin ƙarfe ba ya jimawa a cikin shayi sai mariƙinsa ya ɗau zafi, alhali muciya tana cikin tukunyar tuwo hannu kuma lafiya lau. Lissafin abin ne aka daɗe ba a sani ba. A shekarun 1780 wani likita ɗan Holan, Jan Ingenhousz, ya shafe wayoyin ƙarafa iri-iri da kakin zuma, ya tsoma bakinsu a mai mai zafi, yana duba nisan da kakin ya narke a kowanne. Azurfa ta zo ta ɗaya, dalma ta zo ta ƙarshe. Ya gano wanda ya fi, amma bai fitar da ƙa'ida ba.

Wanda ya fitar da ita shi ne Joseph Fourier, Bafaranshe ɗan tela, wanda aka haifa a 1768 ya kuma tashi maraya. Yana gwamna a Grenoble ya riƙa gasa sanduna da zoben ƙarfe yana aunawa. Abin da ya samo shi ne, zafi yana tafiya daga ɓangare mai zafi zuwa mai sanyi, yawansa kuma yana ƙaruwa da girman bambancin ɓangarorin biyu da kaurin abin, yana raguwa da tsawonsa. Kowane abu kuma da nasa saurin.

A Disambar 1807 ya miƙa rubutunsa ga majalisar masanan Faris. Lagrange, babban malamin lissafi na lokacin, bai yarda da hanyar da ya bi ba, sai aka ƙi bugawa. Fourier ya gyara, ya faɗaɗa, ya shiga gasar majalisar a 1811. Ya ci kyautar, amma alƙalan suka ce da sauran rauni a hujjojinsa, aka sake ajiyewa. Sai a 1822 littafin ya fito. Hanyar nan da aka yi wa tardama kuwa, yau da ita injiniyoyi ke lissafin zafin gini da na inji, har da sarrafa sauti da hoto a kwamfuta.

Abin lura gare mu, Fourier bai yaga rubutunsa ba, bai kuma mayar da shi yadda yake ba. Duk wanda aka dawo masa da labarinsa bana, ya zauna ya sake dubawa. Allah ya sa mu dace.