Tarihin Wayoyin da Ake Dasawa a Jikin Dabba Domin Auna Bugun Zuciya

Elektirod ɗan siririn ƙarfe ne, galibi na azurfa ko baƙin ƙarfe marar tsatsa, wanda ke ɗauko ƙanƙanen lantarkin da zuciya ke fitarwa duk lokacin da ta buga, ya miƙa shi ga na'urar da ke rubutawa. An san da wannan lantarki tun 1856, lokacin da masana Kölliker da Müller suka gano shi a zuciyar kwaɗo a Jamus. Augustus Waller na Landan, wanda ya fara ɗaukar lantarkin zuciyar mutum a 1887, yakan tsoma ƙafafun karensa Jimmie cikin kwanukan ruwan gishiri domin nuna wa jama'a yadda abin yake.

Matsalar da ta daɗe tana damun masana ita ce, dabbar da aka ɗaure ko aka ba maganin barci ba ta nuna bugunta na gaskiya, domin tsoro yana hanzarta zuciya, magani kuma yana sauya ta. Mafita ta samu ne da aka koma binne wayoyin ƙarƙashin fata, inda dabbar ba za ta cizge su ba, ana kuma aiko da saƙon ta rediyo. A 1957 masanan Tarayyar Sobiyet sun yi wa karya Laika irin wannan tiyata kafin su harba ta cikin kumbon Sputnik 2 a watan Nuwamba, suka riƙa sauraron zuciyarta daga ƙasa, wadda bugunta ya ninka fiye da sau biyu yayin tashi. Ta mutu cikin sa'o'i kaɗan saboda zafi, kuma bai kamata a faɗi nasarar ba tare da ambaton wannan ba.

Ƙanƙancewar batir da transista ta sa aka iya saka na'urar sukutum a cikin ɓera, har kamfanonin magunguna suka dogara da ita wajen gano maganin da ke rikita bugun zuciya kafin a gwada shi a kan mutane. A daji ma ta yi amfani: binciken da aka buga a 2015 kan wata irin dinya da aka dasa wa na'urar a Mongoliya ya nuna cewa idan za ta tsallake duwatsun Himalaya, hawa da sauka take yi tana bin yanayin ƙasa, domin daɗewa can sama cikin siririyar iska yana wahalar da zuciyarta.